Waiwaye: Neman Dajin Kowa a Arewacin Minesota

A Amurka, wanda ya yi sha'awar farauta yakan gama da batun lasisi da bindiga cikin 'yan makonni. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin inda zai sa ƙafa. Na yi shekaru ina aiki a jihar Minesota, can arewa kan iyakar Kanada, kuma duk lokacin da na waiwayi farkon shigata farautar gurawus, makwarwar kurmin ƙasar, taswira ce ke fara zuwa mini a rai kafin tsuntsuwar kanta.

Mu da muka tashi muna ganin farautar rani, a buga gangi a fita da karnuka da kulake bayan an kwashe amfanin gona, ba mu saba tambayar wane ne mai daji ba. A can kuwa kowane taku na ƙasa yana da suna a rajista. Dokar Minesota ta hana mafarauci shiga ƙasar noma sai da izinin mai ita, ko an kafa allon gargaɗi ko ba a kafa ba. Dajin da mai shi ya kafa wa allo shi ma haramun ne. Ba a kuma harbi a kusa da gidan da mutane ke ciki ko garken dabbobi, sai an ba da tazarar ƙafa 500, wato kimanin mita 150. Ga baƙon da fatarsa baƙa ce, harshensa kuma na nuna ba ɗan gari ba ne, a gan shi riƙe da bindiga a bayan gidan wani ba ƙaramar magana ba ce. Wannan tsoron na gaskiya ne, kuma shi ya zaunar da 'yan'uwanmu da dama a cikin birni shekara da shekaru, alhali dajin da doka ta buɗe musu yana nan shimfiɗe, tafiyar awa biyu ko uku a mota daga Miniyafolis.

Tsuntsuwar ba ta kai kaza ba, nauyinta bai cika wuce rabin kilo da ɗan ɗori ba. Launinta toka-toka ne ko ja-ja, daidai da busasshen ganye, har sai ka kusa taka ta ba ka gan ta ba. Sai ta tashi da wata irin ƙara da ke sa gaban mutum ya faɗi, ta kurɗa tsakanin itatuwa, kafin ka ɗaga bindiga ta ɓace. Idan sanyi ya wuce ganye ya fara tohowa, namijin yakan hau kan kututturen da ya faɗi ya riƙa dukan iska da fukafukansa, a hankali da farko sannan da sauri, sai ka ce injin ban-ruwa ake tayarwa a wata fadama mai nisa. Da wannan kiɗan ake ƙirga su. Tun 1949 ma'aikatan jihar ke bin hanyoyin daji da asuba suna tsayawa suna saurare, kuma ƙirgar ta nuna yawansu na hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 10. Sabon shiga da ya faɗo a shekarar ƙaranci sai ya ɗauka wurin ne bai iya zaɓa ba.

Hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar, wadda kowa ke kira DNR, tana cewa akwai eka wajen miliyan 11 da jama'a za su iya farauta a kansu. Adadin yana da daɗin ji, amma bai gaya maka inda za ka ajiye mota ranar Asabar ba. Ƙasar ba a hannun hukuma ɗaya take ba. Akwai gandun dajin tarayya guda biyu, Superior da Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe a 1909, da Chippewa da aka kafa a 1908. Akwai gandayen jiha da suka kai eka miliyan 4. Akwai filayen renon namun daji, kimanin eka miliyan 1.3, da aka fara saye a 1951 don ceto fadamu daga masu zuƙe ruwansu su yi gona. Sannan akwai wadda na fi so, wadda taswirar hanya ba ta cika nunawa ba, wato ƙasar gundumomi.

Labarin wannan ƙasar ya cancanci a tsaya a kansa, domin wanda ya san shi ya san rabin inda makwarwa take. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, kamfanonin katako sun aske arewacin Minesota. Manyan itatuwan fayin da suka yi ɗaruruwan shekaru a tsaye aka kwantar da su, aka tura gungumensu ta koguna zuwa injinan yanka. Rassan da aka bari a ƙasa suka bushe suka zama makamashi. Gobarar Hinckley ta 1894 ta ci rayuka sama da 400, ta Cloquet a 1918 ta ci sama da 400 ita ma. Aka sayar wa talakawa 'yan ci-rani wannan ƙasar da sunan gona, suka tarar duwatsu ne da kututture da fadama, ga damina gajera. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1930, dubban mutane suka kasa biyan harajin ƙasa, suka tattara suka bar ta. Ƙasar ta koma hannun jiha, gundumomi ke kula da ita, kuma har yau akwai kimanin eka miliyan 2.8 irin wannan. Gundumar St. Louis kaɗai, inda birnin Duluth yake, tana riƙe da wajen eka 900,000. Ba na shiga irin wannan dajin ba tare da na tuna cewa asarar wani ce ta zama rabona ba. Wani lokaci kana tafiya sai ka ci karo da ramin tsohon gida ko tsibin duwatsun da wani manomi ya tsince da hannunsa.

A kan tokar wannan gobara da saran ne itacen asfin ya mamaye ko'ina, kuma asfin shi ne uwa da uban makwarwa. Zan dawo kansa.

Sai karatun taswira. Tun dokar 1785 Amurka ta yanka yawancin ƙasarta murabba'i-murabba'i. Kowane babban yanki mil 6 ne tsawo da faɗi, a cikinsa akwai sassa 36, kowane sashe eka 640. Idan aka raba sashe gida 16 sai a sami eka 40, kuma da wannan "arba'in" ɗin ma'aikatan daji da mafarauta ke magana. Kowace gunduma tana da littafin filaye da ke nuna wa ke da wace arba'in. A shekarun farko da shi na dogara, ina ɗora shi kusa da taswirar gandun daji ina bi da fensir. Yanzu gundumomi sun sa nasu a intanet kyauta, DNR na da taswirarta da ake kira Recreation Compass, akwai kuma manhajar waya irin onX Hunt, da aka fara a jihar Montana a 2009, wadda ke nuna maka iyakar fili da sunan mai shi a daidai inda kake tsaye. Tana da amfani ƙwarai, amma a sauke taswirar a waya tun daga gida, domin a cikin dajin sabis ba ya samuwa. Kamfas da taswirar takarda kuma kada su bar aljihu. Yawancin kurmin arewa shimfiɗaɗɗe ne, babu dutse ko tudun da za ka yi alama da shi, idan hadari ya rufe rana gabas da yamma duk ɗaya suke zama.

Wani abin da wannan tsari ya bari shi ne ƙasar makarantu. Lokacin da Minesota ta zama jiha a 1858, an ba ta sashe na 16 da na 36 a kowane yanki don tallafa wa ilimi. An sayar da da yawa, an musanya wasu, amma har yanzu akwai wajen eka miliyan 2.5 a hannun jiha, galibi a arewa, ana sare katakonsu kuɗin na shiga asusun makarantu. Inda ake sara akai-akai kuwa, nan ne wurin dubawa.

Babban tarkon sabon shiga shi ne koren launi. Taswirar hanya takan shafe dukkan gandun daji da kore, sai mutum ya ɗauka duk na gwamnati ne. Iyakar gandun Chippewa ta kewaye eka miliyan 1.6, amma abin da hukumar gandun daji ta tarayya ke riƙe da shi bai kai rabin haka ba. Sauran na jiha ne, na gunduma, na 'yan ƙabilar Ojibwe, da na ɗaiɗaikun mutane, a cakuɗe arba'in nan arba'in can. Akwai kuma ƙasar gwamnati da ba a farauta a cikinta, kamar yawancin wuraren shaƙatawa na jiha da babban wurin shaƙatawa na tarayya na Voyageurs.

Batun Ojibwe bai kamata a tsallake shi ba. Wannan daji da muke kira na kowa, nasu ne kafin yarjejeniyoyin ƙarni na 19 su raba su da shi. A yarjejeniyar 1837 sun riƙe haƙƙin farauta da kamun kifi a ƙasar da suka sallama, kuma sai da aka kai Kotun Ƙoli ta tabbatar musu da shi a 1999 a shari'ar Mille Lacs. Gandun Chippewa ya hau kan yawancin ƙasar al'ummar Leech Lake, kuma a 2020 aka sa hannu a dokar mayar musu da eka sama da 11,000 da aka karɓe ba bisa ƙa'ida ba. Ƙasar ƙabila tana da nata dokokin da nata izinin, yankin Red Lake ma a rufe yake ga baƙi. Saboda haka tsohuwar taswira na iya kai mutum inda ba shi da hurumi, kuma wanda ya fito daga ƙasar da ta ɗanɗana mulkin mallaka ya fi kowa cancantar ya girmama wannan iyaka.

To, ka gano ƙasar da doka ta yarje maka. Saura tambaya ta biyu, wadda ita ce ta raba mai yawo a daji da mafarauci: yaushe aka sare wannan wuri?

Idon baƙo yakan so babban kurmi, dogayen itatuwa, ƙasa a share, tafiya ba wahala. Makwarwa ba ta zama a nan, domin shaho da mujiya na hango ta daga nesa. Tana son inda aka aske asfin kwata-kwata shekara 5 zuwa 20 da suka wuce. Asfin idan aka sare shi daga saiwa yake tohowa, dubbai a kowace eka, tsaye cinkus, har mutum sai ya karkata kafaɗa kafin ya wuce. Idan kaurin itatuwan ya kai tsintsiyar hannu zuwa damtse, kuma hularka na faɗuwa kana tsinta, ka iso. Wani masani mai suna Gordon Gullion ya shafe shekaru sama da 30 yana nazarin tsuntsuwar a dajin bincike na Cloquet, tun daga 1958, kuma ya nuna cewa tana buƙatar asfin mai shekaru daban-daban kusa da juna. Sabon toho don renon 'yan tsaki, matsakaici don ɓuya, manya kuma don abinci, domin idan dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa tohon furen asfin namiji take ci, ta kwana a cikin ramin da ta nutsa a dusar. Saboda haka gaɓa ita ce wurin bi: inda sabon sara ya haɗu da tsohon kurmi, inda tudu ya gangara fadama, inda tsohuwar hanyar masu katako ta ratsa. A gefen irin waɗannan hanyoyi takan fito da yamma ta tsinci tsakuwa da ɗanyen ganye.

Wannan ilimin ya canza mini yadda nake kallon hoton tauraron ɗan Adam. Tsohon kurmi yakan fito da duhu da kaushi, sabon toho kuma sumul da haske, da gefuna a miƙe. Idan ka gwada hoton bana da na shekara 10 baya, filin da ya kasance fayau a wancan lokaci shi ne abin nemanka yau.

Kada sabon shiga ya sa ran wani zai nuna masa wurinsa. Mafarautan makwarwa mutanen kirki ne, za su koya maka riƙon bindiga, su ba ka aron riga, su gayyace ka cin abinci, amma wurin da suka sha wuya suka gano ko ɗan'uwansu ba sa gaya wa. Da farko abin ya yi mini kama da rowa. Daga baya na fahimta: kurmi mai eka 40 ba ya ɗaukar mota biyar. Wanda zai amsa maka da zuciya ɗaya shi ne ma'aikacin gandun daji a ofishin yanki ko na gunduma, in ka iya tambaya. Idan ka ce masa ina makwarwa take, zai yi murmushi ya ce tana daji. Idan ka ce wane yanki aka sayar da katakon asfin shekara 10 ko 12 da suka wuce, sai ya jawo taswira, domin wannan aikinsa ne kuma bayanin na jama'a ne. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san abin tambaya.

Ga wanda bai shirya wa duk wannan ba tukuna, jihar ta sauƙaƙa. Akwai hanyoyin ƙafa na mafarauta, ɗaruruwan mil, da aka toshe wa motoci aka kuma yanke ciyawarsu, taswirarsu na nan kyauta. Akwai wurare kusan 50 da aka keɓe musamman don renon makwarwa, sama da eka 100,000 gaba ɗaya. Jihar Mishigan ta ɓullo da irin nata a 2014, Wiskonsin kuma na da gandayen gundumomi eka miliyan 2.4. Ranar buɗe farauta waɗannan hanyoyi kan cika, kuma wasu tsofaffin hannu na raina su. Ni ban raina su ba. A nan idona ya koyi kamannin wurin da ya dace, domin masana ne suka tsara shi. Idan ka bi irin wannan hanya ka ji tashin tsuntsuwa, tsaya ka dubi abin da ke kewaye da kai da kyau, sannan ka je ka nemi mai kama da shi inda ba allo ba sawun mota. Wanda kuma ya yarda ya bar hanya ya kutsa cikin sarƙaƙiya ko da taku 100 ne, ya bar yawancin jama'a a baya.

Dokokin ba su da yawa. Wanda aka haifa bayan 1979 sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗarin bindiga kafin a sayar masa da lasisi, ko da yake akwai izinin ɗan koyo na ɗan lokaci idan zai fita tare da babba mai lasisi. Lokacin farautar na farawa tsakiyar Satumba ya kai farkon Janairu, kuma biyar ce iyakar abin da mutum zai harba a rana, adadin da sabon shiga zai daɗe bai kusance shi ba. Dole a sa hula ko riga mai ruwan lemo ko ruwan hoda mai ƙyalli. A farkon Nuwamba masu harbin barewa kan cika dajin da manyan bindigogi, ni nakan ba su wuri har su gama. Ɗalibai da ma'aikatanmu masu bizar wucin gadi su lura: dokar tarayya ta hana su riƙe bindiga, amma ta keɓe wanda ke da lasisin farauta mai aiki, don haka lasisi ne farko. Mu Musulmi kuma muna da namu ƙarin: bisimilla lokacin harbi, da wuƙa mai kaifi a kusa don yanka wadda aka tarar da sauran rai. Idan ka fige ta, buɗe jakar abincin da ke wuyanta ka ga abin da ta ci. Shi zai gaya maka inda 'yan'uwanta ke kiwo a wannan makon.

Ban san darajar abin da nake takawa ba sosai sai da na karanta yadda ake yi a Birtaniya. A can ma akwai 'yar'uwar wannan tsuntsuwa, ja, a tuddan Sukotlan da arewacin Ingila, ana buɗe harbinta ranar 12 ga Agusta. Amma tuddan na masu ƙasa ne, kuma yinin harbi ɗaya na iya cin dubban fam. A Amurka tun 1842 Kotun Ƙoli ta aza tubalin cewa akwai albarkatun da hukuma ke riƙewa amana a madadin jama'a, daga baya aka shigar da namun daji ciki. Mafarauta kuma suna biya: dokar Pittman da Robertson ta 1937 ta keɓe harajin da ake karɓa a kan bindigogin farauta da harsashi, wanda yanzu kashi 11 cikin 100 ne, kuɗin na komawa jihohi don sayen filaye da renon namun daji. Direban babbar mota da likita lasisi ɗaya suke saya, kurmi ɗaya suke shiga. 'Yan ƙabilar Hmong da suka zo gudun hijira daga Lawos bayan yaƙin Biyetnam sun gane wannan da wuri, za ka same su iyali-iyali a dajin gwamnati kowace kaka. Yana yi mini ciwo cewa mu ba mu bi sawunsu ba.

Amanar kuma ana kai mata hari. A 2017 ɗan majalisa Jason Chaffetz ya kawo ƙudurin sayar da eka miliyan 3.3 na ƙasar tarayya a jihohin yamma, mafarauta da masunta suka yi ca, ya janye. A 2025 Sanata Mike Lee ya sake gwada irin haka, shi ma ya janye bayan hayaniya daga kowane ɓangare na siyasa. Waɗanda suka tsaya suka kare ƙasar su ne waɗanda suka taɓa taka ta.

A shekarata ta ƙarshe a can, wani ɗalibi ɗan Zariya da ya ga naman makwarwa a gidana ya ce, "Kawu, ka kai ni wurinka mana." Na ce, "Zan kai ka, ɗana, amma ka zo ranar Juma'a da daddare mu fara zama kan taswira." Na kai shi kuwa, na kuma gaya masa gaskiya cewa wurin ya kusa tsufa. Itatuwan sun fara kauri, ƙasan ya fara buɗewa, tashin tsuntsaye na raguwa kowace kaka. Kurmin makwarwa shekara 10 zuwa 15 yake yi yana bayarwa, daga nan sai ya wuce. Shi ya sa a hanyar dawowa muka tsaya a wani fili da masu katako suka aske shekara ɗaya kafin nan, ba komai sai kututture da laka da sawun manyan motoci. Muka duba, ƙasar gunduma ce. Na sa shi ya rubuta lambar sashen da shekarar saran, ya kuma ƙara 8 a kai, don ya san shekarar da zai fara leƙo shi.